Takardar Baba Direba

"Karanta min layin ƙarshe, Baba."

Baba Direba ya gyara zama a kan kujerar gwaji, ya ɗaga haɓa, ya zubo ƙananan haruffan allon ɗaya bayan ɗaya, ko gargada babu. Yana gamawa ya juyo yana dariya.

"To 'yata, saura me? Ko akwai wani layin da kika ɓoye a ƙarƙashin tebur?"

Likita ta yi murmushin yaƙe. Karo na uku ke nan cikin mako ɗaya tana dawo da shi ɗakin nan, kuma kowane karo addu'arta ɗaya ce: Allah ya sa na'ura ce ta yi kuskure.

Direbobi ashirin da biyu kamfanin manyan motocin fasinja ya turo mata awon ido na shekara. Ashirin da ɗaya tuni ta sallame su. Saura takarda ɗaya tal a aljihun teburinta, ta wannan dattijo mai fara'a, mahaifin Dogo, malamin makarantar da aka sa musu ranar aure shi da ita nan da mako bakwai.

"Mu koma waccan, Baba. Sau ɗaya kawai."

Ya ɗora haɓarsa a bakin na'urar mai kama da ƙaton kwano. Ta rufe masa ido ɗaya, ta damƙa masa maɓalli a hannu.

"Kalli ɗigon tsakiya, kada ka motsa ido. Duk inda ka ga haske ya ƙifta, ka danna."

Muddin hasken yana tsakiya, dannawa yake yi babu ɓata lokaci. Da ya koma gefe sai yatsansa ya tsaya. Haske ya ƙifta ta dama, shiru. Ya ƙifta ta hagu, shiru. Na'urar ta ƙara masa ƙarfi, har yanzu shiru.

"Sun daina ne?" ya tambaya.

Ba su daina ba.

Ta zaro takardar sakamakon, baƙi ya zagaye ta sai ɗan fari a tsakiya. Ta jawo ƙaramar kujera ta zauna a gabansa, ta sassauta murya.

"Baba, ciwon da ake kira hawan jinin ido ne. Ruwan cikin ido ne yake yin ƙarfi, ya danne jijiyar gani, ya riƙa cinta daga gefe. Ba ya ciwo, ba ya sa ido ja, shi ya sa mutum ba ya farga. Abin da ke gabanka kana ganinsa tar. Amma wanda zai ɓullo ta gefe, mai keke ko mai tsallaka titi, ba za ka gan shi ba sai ya riga ya shiga gaban mota."

"To a yanka min tabarau mana."

"Tabarau ba ya dawo da abin da ya tafi. Wanda ya rage ne za mu tsare, da maganin ɗigawa, da kuma..."

"Takardar fa?"

Ta sunkuyar da kai. "Ba zan iya rubuta cewa ka cancanci tuƙi ba, Baba."

Fara'ar fuskarsa ta ɗauke lokaci guda.

"Shekara talatin da huɗu ina riƙe da sitiyari, tun ba a haife ki ba. Ko akuya ban taɓa takewa ba. Saura wata shida in ajiye da kaina, a tara jama'a a ce min an gode. Shi ne ke da nake kira 'yata za ki sa a ce an kori Baba Direba don ya makance?"

"Ba makancewa ka yi ba, Baba, kuma in ka bi magani..."

"Saurare ni da kyau, Likita."

Tun da ta san shi bai taɓa kiranta da wannan sunan ba.

"Ranar da kika rubuta abin nan, ƙafarki ba za ta taka gidana da sunan suruka ba. Na gama magana."

Ya ɗauki hularsa ya nufi ƙofa. Kafaɗarsa ta bugi gefen ƙofar da ƙarfi, bai ko waiwayo ba.

Ko awa biyu ba a yi ba ƙamshin turare ya riga mai shi shigowa. Manajan kamfanin ne, yana kaɗa makullin mota a yatsa. Shekara biyu yana bibiyarta, tun lokacin da take zarya ofishinsu tana roƙon a fara auna wa direbobi ganin gefe, ba karatun allo kaɗai ba. Wannan fafutukar ce ta sa ƙungiyar masu aikin ido ta ba ta lambar yabon da ke rataye a bangon ɗakin. Sau biyu yana aiko mata da maganar aure, sau biyu tana mayar masa da abinsa.

"Ranki ya daɗe, likitar likitoci. Ashirin da ɗaya na gani. Ina cikon?"

"Wa'adinku jibi Alhamis ne, ƙarfe huɗu. Za ta iso."

"Ta surukinki ce ta maƙale, ko?" Ya zauna ba tare da an ce masa zauna ba, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. "Ni wallahi tausayinki nake ji. Ki sa hannu a kan ƙarya, lasisinki ya tafi, lambar nan ta bango ta zama abin dariya. Ki rubuta gaskiya, tsoho ya fita da kunya, duniya ta zage ki. Amma akwai hanya. Ki miƙo min takardar hannu da hannu, sai ta ɓace a cikin fayil har wata shida. Kin fita haƙƙin aikinki, tsoho ya yi ritayarsa lafiya. Ni kuma ba abin da nake nema sai ki buɗe min ƙofar da kika rufe. Ai ko ba a faɗa ba, malamin makarantar nan ba ajinki ba ne."

Ta ajiye alƙalami ta dube shi sama da ƙasa.

"Mutum hamsin ke shiga motar nan kowace tafiya, Manaja. Kai ya kamata ka fi kowa tsoron Allah a kansu, amma ka zo kana cinikin aure da rayukansu. Takarda ofishin kula da lafiyar direbobi za ta je, a buga mata lamba da kwanan wata, kwafi ɗaya kuma yana wurina. Tashi ka ba ni wuri, ina da marasa lafiya."

Ya miƙe yana murmushi, ya kakkaɓe rigarsa.

"Ba komai. Daga nan zan biya in gaida Umma."

Ya kuwa biya. Da yamma ta tarar da mahaifiyarta zaune a bakin gado, ga tulin wanki a gabanta ko ɗaya ba ta ninke ba. Ko sallamarta ba ta amsa da kyau ba.

"Zauna, Auta. Mahaifin Dogo ya kira ni, Manaja kuma ya zo. Me kike shirin yi mana?"

"Aikina, Umma."

"Aikinki!" Umma ta tafa hannu. "Shekararki talatin da ɗaya. Shida kika yi a jami'a, ban ce uffan ba. Kika ce sai kin yi biyu a babban asibiti, na ce Allah ya taimaka. Kika ce sai kin buɗe naki wurin, na toshe kunnena da maganar mutane. Kin san me suke cewa? Wai ke tabarau kika aura. Sa'anninki 'ya'yansu har sun shiga makaranta. Sai yanzu da Allah ya kawo yaron kirki, ya yarda da ke da aikinki, shi ne za ki yanka auren da alƙalaminki?"

"Umma, in ya take ɗan wani fa?"

"Allah ne mai tsarewa!"

"Shi ne mai tsarewa, shi ya sa ya kawo shi gabana tun abin bai faru ba."

Umma ta kawar da kai. Sai hawaye suka zubo mata.

"Ni kaɗai na rene ki tun rasuwar mahaifinki. Ba ni da burin da ya wuce in ga kin shiga ɗakinki kafin in bi shi. Wata shida ne fa kacal, Auta. Ki rufe ido, don darajar nonon da kika sha."

Likita ta durƙusa ta riƙe hannuwanta, ita ma kukan take yi.

"Ranar da aka rantsar da mu kina layi na biyu, Umma. Kin fi kowa tafi, har mutane suna juyowa suna kallonki. Me kike tsammani na rantse a kai? Ki umarce ni da komai a duniya in yi miki da gudu. Amma kada ki ce in rufe ido, don buɗe na mutane kika tura ni in koyo."

Umma ta zare hannunta, ta share fuska da gefen mayafi.

"To in wannan ya watse, ga Manaja nan. Ya ce ko gobe a shirye yake."

"Ko shi kaɗai ya rage a duniya, Umma, gara in tsufa a ɗakin nan ina ninke miki wanki."

Dogo bai ɗauki wayarta ba ranar, haka washegari da safe. Sai Laraba da yamma, bayan mara lafiya na ƙarshe ya fita, ta ɗago kai ta gan shi tsaye a bakin ƙofa. Ƙurar alli na hannun rigarsa, idanunsa sun yi ja.

"Shigo mana," ta ce.

Ya shigo ya zauna a kujerar gwaji, ƙafafunsa sun yi mata tsawo kamar kullum. Da wata rana ce da ta zolaye shi. Yau babu wanda ya yi dariya.

"Ban zo in ce ki yi ƙarya ba," ya fara. "Na san wadda nake nema. Amma ki ce na'urarki ta lalace. Ki tura shi wani wurin, inda allo kawai za a ba shi ya karanta."

"Wato in kawar da kai, wani ya sa hannun a madadina."

"Tun jiya bai sa komai a bakinsa ba. Na shiga ɗakinsa na tarar da shi yana goge takalman aikinsa yana kuka. Mahaifina, Likita! Mutumin da ko ranar da aka binne mahaifiyarsa ban ga hawayensa ba." Muryarsa ta karye. "Motar nan ita ce mutuncinsa. Da ita ya ciyar da mu, da ita ya sa ni makaranta. In aka raba shi da ita ta wannan hanyar, kashe shi aka yi."

"Ciwon ne zai raba shi da ita, ba ni ba. Yana tuƙi yana ɓoyewa, ba ya ɗiga magani, nan da shekara biyu ko fuskarka ba lallai ya gani ba." Ta matso da kujerarta. "Zan tambaye ka abu ɗaya, ka dubi Allah ka faɗa min gaskiya. Ba ka taɓa ganin wata alama ba?"

Ya sunkuyar da kai yana murza ƙurar allin hannun rigarsa.

"Dogo."

"Watan jiya," ya ce a hankali, "muna tsallaka titi tare, mai keke ya taho ta hagunsa. Da ban fizgo shi ba da ya shige masa. Ya ce tunani yake yi."

"Ka sani ke nan."

"Zargi na yi. Ban so in sani ba."

"Kai ka faɗa min da bakinka cewa ɗalibanka a motarsa suke tafiya gida in an yi hutu. Ka ce iyayensu sun fi yarda da shi."

Ya dafe kansa da hannu biyu. Hawaye suka riƙa ɗiga a kan wandonsa.

"Ya rantse, Likita. Ya ce in kin rubuta, babu ni babu ke. Yaya kike so in yi? In zaɓi tsakanin ubana da ke?"

"Ban ce ka zaɓa ba. Allah ya sani ina sonka, tun jiya ko numfashin kirki ba na iya yi. Amma in na sa hannun nan, duk ranar da waya ta yi ƙara a gidanmu gabana zai faɗi. Kuma duk ranar da ka dube ni za ka san matarka tana da farashi. Ba zan shiga gidanka da wannan ba."

"In ya ce in rabu da ke fa?"

"Sai ka san abin da za ka ce masa. Ni na san abin da zan rubuta."

Ta jawo aljihun tebur ta ɗauko takardar. A gabansa ta cike gurbin, ta sa hannu, ta buga hatimi.

Dogo ya miƙe ya fita, bai ce mata ko sai anjima ba.

Ranar Alhamis ƙarfe uku ta rufe ɗakin awo. Maimakon ta wuce ofishin kula da lafiyar direbobi kai tsaye, gidan Baba Direba ta nufa. Ba ta yarda ya ji daga bakin wani ba.

Yana falo, ya kishingiɗa. Inna, mahaifiyar Dogo, tana gefe a zaune, mace ce da sai a wuni ba a ji muryarta ba. Dogo yana tsaye jikin ƙofa, ya harɗe hannu, ya ƙi yarda su haɗa ido.

Ta gaida su. Inna ce kawai ta amsa.

"Baba, na rubuta," ta ce. "Daga nan zan kai. Na zo ne in faɗa maka da bakina."

Ta ajiye kwalbar maganin ɗigawa a kan tebur, da wasiƙar da ta rubuta wa babban likitan tiyatar ido, wanda ta yi aiki a ƙarƙashinsa. Baba Direba ya sa bayan hannu ya share su. Kwalbar ta gangara ƙarƙashin kujera.

"Ashe rashin kunyarki har ta kai ki biyo ni gida? To ki ji, kowa ma ya ji. Na fasa. Babu aure tsakaninki da ɗana, ko bayan raina."

Ta ɗago kai ta dube shi.

"Ɗanka ne, Baba, kana da iko. Aure ka hana, na ji. Amma idonka ba zan bar maka shi ya lalace don kana fushi da ni ba. Litinin ƙarfe takwas babban likita yana jiranka. In ba ka zo ba zan dawo in ƙwanƙwasa ƙofar nan. Ka kore ni, in sake dawowa. Ko ban zama surukarka ba, ni ce likitarka."

"Fita min daga gida!"

Ta dubi Dogo sau ɗaya. Bai ɗago ba. Ta bi ta gefensa ta wuce.

Sai da ta fita ƙofar gida kukan ya ƙwace mata. Ta duba agogo ta cikin hawaye, huɗu saura ashirin da biyar, titin kuma babu ko motar haya ɗaya. Ta rungume jakar da takardar ke ciki ta fara sauri.

"Ke 'yar nan! Tsaya."

Ta juya. Inna ce, ta fito da takalmi wari da wari, mayafi a karkace, kwalbar maganin a hannunta.

"Sau nawa ake ɗigawa?"

"Na'am, Inna?"

"Maganin. Sau nawa?"

"Sau biyu. Safe da yamma, ɗigo ɗaya a kowane ido."

Inna ta ƙulle kwalbar a bakin zaninta.

"Ni zan ɗiga masa, ko da zai zage ni tas. Shekara biyu ke nan ina tura masa kofi daidai gabansa, ina kawar da kujeru daga hanya kafin ya shigo. Duk ranar da ya fita da motar nan abinci ba ya wuce min maƙogwaro sai na ji sallamarsa. Na gani, na ji tsoron faɗa. Ke kika faɗa." Ta kama hannunta ta matse. "Share hawayenki. Shi ya ce ya fasa. Ni da na yi naƙudar yaron ban ce ba."

Ta waiwaya. Dogo ya biyo su har bakin ƙofa, ya tsaya kamar an dasa shi.

"Kai kuma tsayuwar me kake yi, dogon banza? Kana gani lokaci zai ƙure mata. Ɗauko babur ka kai ta!"

Ya dubi mahaifiyarsa, ya dubi Likita. Ya koma ciki ya turo babur ɗinsa, ya hau, ya ɗora ƙafa a kan abin tayarwa.

Sai ga Baba Direba ya fito babu hula, yana dafa bango, muryarsa ta cika layin har maƙwabta suka fara leƙowa.

"Dogo! In ka tayar da babur ɗin nan, ka je ka nemi wani uban!"

Ƙafar Dogo ta tsaya cak. Likita ta ga jijiyar wuyansa ta miƙe. Ba ta roƙe shi ba. Ta gyara jakarta a kafaɗa ta juya za ta ci gaba da tafiyarta a ƙafa.

Taku uku ta yi, ta ji babur ya tashi a bayanta.

Ya zo daidai ita ya tsaya, hawaye na bin kumatunsa.

"Ka yafe min, Baba," ya ce da ƙarfi, ba tare da ya waiwaya ba. Sannan ya dube ta. "Hau, Likita. Saura minti ashirin."